Manyan Baƙaƙe Don Idon Shugaba

Shugaban ƙungiyar ba ya gani sosai. Kowa a ofis ya san haka, kuma ba wanda ya isa ya faɗa. Tabarau kam yana da shi, direbansa ya rantse ya taɓa ganinsa a aljihun mota, amma bawan Allahn nan ya gwammace ya faɗa rami da a gan shi da gilashi a fuska a gaban ma'aikata. Sai ofis gaba ɗaya ya lanƙwashe ya bi idonsa. Ba a ce ganin Shugaba ya yi rauni ba, ina! Cewa aka yi wai "salon gidan nan". A salon gidan nan, kowane jadawali na rahoton shekara sai an buga shi da manyan baƙaƙe irin na littafin 'yan aji ɗaya, kuma dole ya tsaya a shafi guda, don Shugaba ba ya juya takarda. Abin da ya gani a shafin nan, da shi yake yanke hukunci.

To, ƙungiyar tana da ƙananan asibitoci barkatai a cikin gari da gefensa, sun fi ƙarfin shafi ɗaya nesa ba kusa ba. Sai aka sa manhajar ƙididdiga ta jera su daga mai yawan marasa lafiya zuwa mai kaɗan. Manya kowa ya samu layinsa da sunansa. Ƙananan kuwa a tattara su a dunƙule, a haɗa alƙalumansu wuri ɗaya a layin ƙarshe, a rubuta "Sauransu". Haka ake yi shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tambayar su wane ne sauran.

Mai wannan aikin ita ce Auta, wadda a ofis ake kira Mai Jadawali. Ta yi karatun ƙididdiga har gashinta ya kusa zubewa, ta fito da sakamakon da malamanta suka yi ta yabo, aka ɗauke ta aiki, aka zaunar da ita kusa da firinta. Dogo, abokin aikinta mai teburin bakin taga, shi ke yin lissafin. Ita sai alƙaluma sun fito daga manhaja tsirara, ta yi musu sutura: wane salon harafi, wane girma, ina za a ja layi mai kauri, ina za a bar fili, sunaye su jingina hagu, lambobi su jingina dama, ɗigon kowace lamba ya zauna daidai ƙarƙashin na samansa. Ta daɗe da rubuta wa manhajar umarnin duk wannan, yanzu dannawa ɗaya take yi jadawali ya fito fes. Ta iya aikin ƙwarai, kuma wallahi ta tsane shi.

A cikin "Sauransu" ɗin nan akwai asibitin bayan kwari, a asibitin bayan kwari kuma akwai yayarta. Ɗaki biyu ne da baranda, da benci mai ƙafa ɗaya gajera, da firij mai gurnani, da rufin da ke yoyo daidai kan gadon awo. Yaya ce nas, ita ce mai ba da kati, ita ce mai shara, in mace ta zo da naƙuda ita ce ungozoma. Mutanen da take gani ba su da yawa, don unguwar ƙarama ce. Amma in aka yi ruwa kwarin nan ya cika, ba mai tsallaka shi, kuma hanyar zagaye zuwa babban asibiti sai wanda ya shirya. Macen da haihuwa ta kama a irin wannan rana, daga Allah sai Yaya.

Ranar wata Asabar Auta ta kai mata ziyara, ta tarar da ita tana wanke hannu a roba.

"Kin ji abin da ake faɗa?" in ji Yaya, ko gaisuwar ba ta gama amsawa ba. "Wai bana za a rufe wasu asibitoci, a ƙara wa wasu ma'aikata."

"Jita-jita ce, Yaya."

"Jita-jita a bakinki, ke da kike kwana a gindin firinta? Zauna ki saurare ni. Ranar da mutumin nan zai ce a rage, ina kike gani zai sa wuƙa? Ba zai taɓa masu suna ba. Mu zai duba, mu da aka cusa a buhu ɗaya, ya ce a zubar da buhun. Ni ban ce ki ƙara mini ko mutum ɗaya a lissafi ba, Allah ya tsare ni. Ki fito da mu kawai. Ya ga sunanmu da idonsa, ya san akwai mutane a bayan kwarin nan. Ko mataimakiya ɗaya ya ba ni, in samu in riƙa zuwa banɗaki kamar kowace 'yar Adam."

"Shafin ba ya ɗauka, Yaya."

"Shafi!" Yaya ta yarfe hannu, ruwa ya fantsalo wa Auta a fuska. "Na goya ki a bayan nan, kin yi mini fitsari ba adadi, yau ki dube ni ki ce shafi ba ya ɗauka?"

Auta ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata. Yaya ce ta raine ta, Yaya ce ta tsaya ta yi karatu, kuma tunda take a duniya ba ta taɓa roƙonta komai ba sai yau. Ga shi karon farko aikin nan na banza zai yi wa wani amfani. Ta ce za ta yi.

Ciro asibitin daga buhu bai ba ta wahala ba. Layi biyu na umarni ta ƙara wa manhaja: ki haɗa duk ƙananan, ban da wannan. Ta danna, sunan ya fito a ƙasan manya, tsaf. Sai dai "Sauransu" ya tsallaka shafi na biyu, ya je ya zauna shi kaɗai a saman farar takarda. Layi ɗaya tak ya yi yawa, kuma a kan layi ɗayan nan ta kwashe mako tana fama.

Ta fara rage girman harafin ɗan kaɗan, kaɗan ɗin da ta yi zaton ko aljani ba zai lura ba. Ta manta da Mataimaki. Mataimakin Shugaba yana da nasa gwajin, kuma ya ɗauke shi da muhimmanci kamar ibada: ya riƙe takarda ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya kanne ido ɗaya, ya lumshe ɗayan. In bai iya karantawa a haka ba, to Shugaba ma ba zai iya ba. Ya yi gwajinsa, ya ajiye mata takardar a kan tebur.

"Malama, wannan ba salon gidan nan ba ne."

Ta mayar da harafin yadda yake. Ta nemi ta ci gefen takarda, amma a sama akwai tambarin ƙungiya, a ƙasa akwai na masu ba da tallafi, kuma taɓa ɗayansu daidai yake da rubuta takardar barin aiki. Ta gwada wani salon harafi mai tsukakken jiki, Dogo ya tuna mata Shugaba ya taɓa cewa irinsa kamar tururuwa yake. Ta matse tazarar da ke tsakanin layuka, Mataimaki ya ce a'a, Yallaɓai da murfin biro yake bin layi, dole murfin ya samu wurin tafiya. Ta kwantar da takardar, abin ya ƙara lalacewa. Kwandon shara na gefenta ya cika da shafuka, mai kula da firinta ya fara yi mata kallon banza.

Ranar Alhamis, tana zaune ta zuba wa allon kwamfuta ido har ya fara yi mata rawa, sai ta lura da kanun jadawalin. Duk layukan tsaye takensu gajere ne: suna, yawan marasa lafiya, yawan haihuwa, yawan ma'aikata. Na ƙarshe ne kaɗai mai dogon baki, "Nisa zuwa wani asibiti idan ruwa ya tare hanya". Don tsawonsa, taken ya naɗe har hawa uku, ya ja duk kanun ya yi kauri. In aka cire shi, kanun zai koma hawa ɗaya, fili ya samu.

Ta san abin da take shirin yi, ba za a ce ba ta sani ba. A duk jadawalin, wannan layin tsayen ne kaɗai ke magana da bakin Yaya. Amma ina amfanin sa in sunan ma bai fito ba? Ta tambayi Dogo ko za a yi kewarsa.

"Wa zai yi?" in ji Dogo. "Manyan duk a tsakiyar gari suke, lambobin ba abin da suke cewa. Ni kaina da nake lissafa shi ban taɓa ganin wanda ya karanta ba."

Ta cire shi. Kanun ya sauko, "Sauransu" ya dawo gida, har wani siririn fili ya rage a ƙasa. A wannan filin ta sa bayanin da ƙananan baƙaƙe, don iya abin da wurin zai ɗauka ke nan: cewa nas ɗaya ce a asibitin, kuma in kwari ya cika ba wani asibiti da mutanen unguwar za su iya kaiwa. Ta sa ɗan tauraro a gefen sunan don ya nuna ƙasa. Sai daɗi ya ɗebe ta, ta ƙara wa layin Yaya kauri, baƙi ƙirin, yadda ko daga bakin ƙofa za a hango shi.

Dogo ya leƙo ta kafaɗarta ya yi fito. "Mai Jadawali, wannan layin fa ya sha kwalliya. Ɗan'uwanki ne?"

"Na yi ƙarya a ciki?"

"Ko ɗigo."

"To ja bakinka ka koma tagarka."

Mataimaki ya zo, ya miƙe hannu, ya kanne ido, ya ce madalla. Shi girman baƙaƙe yake dubawa, abin da suke faɗa ba ruwansa. Auta ta koma gida ranar tana jin kanta kamar wadda ta ci jarrabawa. Ta kira Yaya ta ce mata an gama, sunansu na nan ɓaro-ɓaro. Yaya ta yi ta sa mata albarka har katin wayar ya ƙare.

Ranar taro aka ce Auta ta shigo ta raba rahoto, ta zauna a kujerar bango ko za a nemi wani gyara. Dogon tebur ne, 'yan kwamiti sun jeru, kowa da robar ruwa a gabansa, sanyin na'ura na kaɗa gefen takardu. Shugaba ya buɗe shafin jadawali, ya cire murfin bironsa, ya fara gangarowa. Layin farko ya gyaɗa kai. Na biyu ya ce madalla. Haka ya yi ta saukowa, har murfin ya iso baƙin layin nan ya tsaya cak.

"Asibitin bayan kwari," ya karanta da ƙarfi. "Muna da asibiti a bayan kwari?"

"Muna da shi, ranka ya daɗe," in ji Mataimaki.

Zuciyar Auta ta yi tsalle. Ga shi nan, ya faɗi sunan da bakinsa, a gaban kowa. Ta ji kamar ta fita da gudu ta kira Yaya.

Murfin biron ya zame zuwa dama, ya tsaya a kan lambar yawan marasa lafiya. Ya koma sama ya duba ta asibitin da ke samansa, ya sauko ya duba ta "Sauransu" da ke ƙasansa. Abin da Auta ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba duk makon nan da ta yi tana auna tazara, yanzu ta gan shi da idon Shugaba: 'yar mitsitsiyar lamba, baƙa ƙirin, a matse tsakanin manyan lambobi biyu.

"Wannan asibiti ne ko rumfar mai gyaran takalmi?" in ji Shugaba. Wasu suka yi dariya, don ya ɗan dakata alamar a yi. "Ku dubi Sauransu, don Allah. Ko suna ba su da shi, amma ku ga aiki! Shi kuma wannan, da sunansa da komai, me yake yi mana?"

Ba wanda ya buɗe baki ya ce masa "Sauransu" tarin asibitoci ne aka haɗa, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba su kai na bayan kwari ba ko rabi. Dogo, da shi ya haɗa lissafin da hannunsa, ya ɗaga kai yana nazarin silin. Mataimaki ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

"Muna ta neman inda za mu rage, ashe ga shi a gabanmu," in ji Shugaba. "Wa ya shirya wannan shafin? Ya yi aiki. Irin wannan nake so, a fito mini da matsala a fili, ba a ɓoye ta ba."

Auta ba ta san lokacin da ta miƙe ba. "Ranka ya daɗe, akwai tauraro a gefen sunan. Bayanin yana ƙasan shafi."

Shugaba ya sauke ido ƙasan takardar. Ya nisanta ta, ya matso da ita, ya karkata ta wajen fitila. Duk wanda ke teburin yana kallonsa, kuma ya san suna kallonsa. Hannunsa ya tafi wajen aljihun ƙirji, ya tsaya a hanya, ya dawo.

"Na karanta," ya ce.

Da ta zauna a nan, wataƙila da sauran magana. Amma tsoro ya riga ya kama ta, kuma ta ga sarai bai karanta ba.

"In ka yarda, ranka ya daɗe, in karanto maka..."

Kai, Auta! Wani ɗan kwamiti ya sunkuyar da kai kamar an yi mutuwa. Mataimaki ya rufe ido.

"Malama," in ji Shugaba, a hankali, "kina nufin ban iya karatu ba, ko kina nufin ba na gani?"

"A'a, ranka ya daɗe, ni dai..."

"Na ce na karanta. Bai canza komai ba. A rufe shi ƙarshen wata, nas ɗin a mayar da ita babban asibiti. Abu na gaba."

Ya mayar da murfin bironsa. Aka wuce maganar fentin ofis, a kan wannan kuwa an yi muhawara mai zafi.

Bayan taro Mataimaki ya tare ta a baranda, ransa a ɓace. "Da kin yi shiru, da gobe na lallaɓa shi na karanta masa a ofis, mu biyu. Yanzu kin sa ya ce ya karanta a gaban mutane. Ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai janye ba." Ko gaskiya ya faɗa, ko wanke kansa yake yi, oho. Ita dai maganar ta shige ta har ƙashi. Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Af, ya ce kaurin nan da kika yi ya burge shi. Baɗi ma a yi haka."

Auta ba ta kira Yaya a waya ba. Wannan ba maganar waya ba ce. Da aka tashi aiki ta hau mota har inda mota ke tsayawa, ta gangara kwarin da ƙafa, yashi na shiga takalminta, ta haura ɗaya gefen. Mata biyu na zaune a benci a baranda, ɗaya da goyo, ɗaya da tsohon ciki ta jingina da bango tana fifita da katinta. Yaya ta fito daga ɗakin awo, ta hango ta, fuskarta ta washe.

"Ya gani?"

"Ya gani, Yaya."

"Alhamdu lillahi! Ba na faɗa miki ba? Me ya ce?"

Auta ta ja ta cikin ɗaki, ta faɗa mata. Ba ta rage komai ba, har layin tsayen da ta cire, har ƙananan baƙaƙen, har miƙewar da ta yi. Tana magana tana kuka, tana jin haushin kukan. Yaya ba ta katse ta ba. Ta zauna a bakin gadon awo, ta ɗora hannuwa a cinya, tana kallon firij.

"Sauran fa?" ta tambaya can. "Waɗanda ke cikin buhun."

"Ba a taɓa su ba."

"Har na bayan kasuwa? Wanda mai kula da shi ba ya buɗewa sai ranar da ya ga dama?"

"Har shi. An ma yabe su."

Yaya ta yi wata dariya gajera marar daɗin ji. Auta ta so a ce ta zage ta, ko ta ce ai ni na sa ki, ko wani abu dai da mutum zai riƙe. Sai kawai Yaya ta miƙe ta gyara zanen gadon da ba abin da ya same shi, ta fita baranda, Auta na biye da ita.

Mai cikin ta yunƙura ta tashi da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ta miƙo katinta.

"Anti nas, ba ki rubuta mini ranar dawowa ba. Kin ce wata mai zuwa ne haihuwar, ga shi an fara hadari. Yaushe zan zo?"

Yaya ta karɓi katin, ta dube shi, ta ciro biro daga aljihu. Ta daɗe a tsaye biron bai taɓa takarda ba. Sannan ta juyo ta miƙa wa Auta katin da biron gaba ɗaya.

"Ga ƙanwata nan, daga babban ofis take," ta ce wa matar. "Ita ta iya tsara takarda. Tambaye ta."